Mace da sana'ar hannu a Yamai: tambayoyin da aka fi yi mana

Waɗannan tambayoyi ne da ke dawowa a kusan kowane zama da muke yi da mata a unguwannin Yamai, daga Bukoki zuwa Talaje da Harobanda: zawarawa, ƴan matan da suka bar makaranta, da matan da mazansu suka tafi ci-rani aka bar musu gida da yara. Biyu daga ciki na maza ne, mun amsa musu a wurinsu. Mun sa lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Ban yi boko ba, kuma ba na jin Faransanci. Akwai wurina?

Akwai. Cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM an kafa su ne domin waɗanda suka bar makaranta da wuri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A atiliye da gareji na cikin gari kuwa, da Hausa da Zabarmanci ake aiki. Sunayen kayan aiki ne na Faransanci, su ma a bakin aiki ake haddace su.

Abin da ba makawa shi ne lambobi. Mai aikin lantarki dole ta bambance wuta mai ƙarfin 12 da mai ƙarfin 220 a fuskar mita, wato na'urar auna wuta, mai aikin famfo dole ta karanta awo ta rubuta wa mai gida lissafin kayan da za a sayo. Idan kina sayar da ƙosai ko awara har kina fitar da uwar kuɗi daban riba daban, kan naki ya riga ya iya. Rubutawa ce ta rage. Ki shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma tun kafin a fara horon, kada ki jira sai an fara.

2. Ina ake koyo a nan Yamai?

Ya danganta da inda karatunki ya tsaya. Wadda ba ta da takardar komai, CFM ko hannun mai sana'a a atiliye. Yarinyar da ta gama firamare tana iya shiga kwalejin fasaha, CET, wadda ke kaiwa ga takardar shaidar sana'a ta CAP. Mai BEPC, takardar gama kwaleji, tana da cibiyar horon sana'a da fasaha ta CFPT, da Cibiyar Fasaha ta Kalmaharo, da makarantar Issa Béri. Mai sha'awar aikin fata tana da CMCAN, cibiyar sana'o'in fata. Wadda ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a fannin kimiyya ta sa ido kan EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ke tsallaken kogi.

Makarantun gwamnati suna buɗe shekara a watan Oktoba, saboda haka tun cikin damina ake fara zirga-zirgar takardu (duba tambaya ta 7). Akwai kuma ɗakunan ba matasa shawara kan zaɓen sana'a, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar koyar da sana'o'i. Ki tambaya a ofishin magajin garin da'irarku, daga cikin da'irori 5 na Yamai, za a nuna miki mafi kusa.

3. Me ya sa kuke karkatar da mu daga ɗinki da kitso? Ba sana'a ba ce?

Sana'a ce, kuma ta rufa asirin gidaje da yawa. Wadda Allah Ya ba hannun ɗinki na gaske, ba mu hana ta. Amma ki fita ƙofar gidanku ki ƙirga teloli nawa ne tsakaninki da bakin titi. Shekara da shekaru, duk aikin agajin da ya tashi taimakon mata sai ya tara su ya koya musu ɗinki ko haɗa sabulu da turare, a raba keke, a ɗauki hoto. Bayan wata shida mata goma a layi ɗaya suna jiran Sallah ta zo kafin su ga ciniki, kowa tana karya farashi don ta ƙwace wa ƴar'uwarta. Da yawa daga kekunan nan a kasuwa suke ƙarewa ranar da yaro ya kwanta rashin lafiya.

Wannan abu yana mana ciwo, don mace ta ba da wata shida na rayuwarta, an kuma ce mata ta samu sana'a. Shawararmu ita ce ki zaɓi abin da unguwarku ke nema ta rasa, ba abin da ƙawayenki suka shiga ba.

4. To wace sana'a ce ke da kasuwa yanzu?

Ta farko a wurinmu ita ce haɗa wutar sola da gyaranta. Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, mutanen Yamai suka ruga sayen allunan sola da batura. An maido da wutar, tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 ma ta fara aiki, amma wanda ya ɗanɗana fanka cikin dare ba tare da jiran kamfanin wutar lantarki na NIGELEC ba bai koma baya ba. Da yawa daga kayan nan an haɗa su ne da ka: waya siririya a inda ake son mai kauri, batir a ɗaki mai zafi ba iska, allo yana kallon inda ya ga dama maimakon kudu. Batir ya mutu cikin wata kaɗan, mai gida ya ce sola ƙarya ce. Wadda ta iya lissafin nauyin wutar gida, ta san batir nawa da allo nawa zai ɗauka, ba za ta rasa kira ba. Ko share ƙurar hunturu daga kan allo da duba kan batir aiki ne da ake biya.

Ta biyu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, mai sayar da ƙanƙara ko lemun ɗauri idan firijinta ya tsaya, jarinta ne ke narkewa, ba ta jiran gobe. Ta uku gyaran salula: aikin zaune ne, shago ƙarami ya isa, kuma yana son ido da natsuwa fiye da ƙarfi. Sai aikin famfo, da wayar lantarkin gini, da fenti da shimfiɗa tayil, tunda gini ba ya tsayawa a bakin gari. Walda da kanikancin babur su ma akwai matan da ke yi, sai dai sun fi sauran buƙatar wuri da kayan aiki masu tsada (duba ta 14).

5. Wa zai yarda ya ba mace aikin lantarki ko famfo?

Mata ƴan'uwanki, da mazansu. Ki tuna gidaje nawa ne a Yamai namiji baƙo ba ya shiga sai maigida yana nan. Famfon banɗaki ya fashe da safe, maigida yana kasuwa ko yana Abijan, ruwa na zuba har dare don ba wanda zai shigo da mai gyara. Ke kuwa sallama ɗaya za ki yi ki wuce har uwar ɗaka. Haka salula: mace da yawa ta gwammace wayarta ta mutu a jaka da ta miƙa wa saurayi a bakin kasuwa, da hotunanta da saƙonninta a ciki. Wannan kasuwa ce da namiji ba zai iya ƙwace miki ba, kuma kusan ba kowa a cikinta.

Ba mu ce ba za a gwada ki ba. Za a tsaya a kanki ana kallo, wani zai ce a kira namiji ya duba bayanki. Maganinsa aiki mai tsabta: ki zo a lokacin da kika ce, ki faɗi kuɗi kafin ki taɓa komai, ki nuna wa uwar gida abin da ya lalace a tafin hannunki, ki share wurin kafin ki fita. Labari a bakin mata yana yawo daga suna zuwa biki, ba ki buƙatar wani talla.

6. Nawa zan kashe? An ce horon kyauta ne.

A nan ne mata suka fi faɗuwa, saboda haka ki karanta a hankali. Kuɗin rajista sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta. Abin da ke fitar da mace daga aji a wata na biyu shi ne kuɗin taksi ko faba-faba, da abincin rana, da wanda zai riƙe yaro, da cinikin da ta bari a gida. A ce kina kashe dala 100 a rana kan mota da ɗan abin da za ki sa a ciki: a kwana 26 na aiki jika 13 ke nan, kowane wata, har a gama. Idan tallar da kike yi da safe ita ke cefane, ki ƙara wannan a kai.

Kafin ki rubuta sunanki, ki zauna da takarda ko da wadda ta iya rubutu, ki fitar da kuɗin wata ɗaya, ki ninka da yawan watannin, ki san daga ina kowane zai fito. Ki fifita wuri na kusa da za ki iya zuwa da ƙafa a kan mai suna da ke wancan gefen gari. Mai zama Harobanda da za ta tsallaka gadar Kennedy sau biyu a rana ta san abin da muke nufi. Ki tambayi cibiyar kai tsaye: ana ba da kuɗin mota? A ƙarshen wata ake ba da shi ko a farko? Wa ke sayen kayan gwaji? Babu kunya a wannan tambaya.

7. Wa ke ɗaukar nauyi, kuma waɗanne takardu ake nema?

Asusun gwamnati na tallafa wa koyon sana'a, FAFPA, shi ne babba. Kuɗinsa na fitowa daga harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya da kuma tallafin abokan hulɗa, yana da rassa a jihohi, yana ɗaukar nauyin gajerun horo da kuma tsarin da ake raba lokaci tsakanin aji da atiliye. Ba kullum ƙofa ke buɗe ba: sanarwa ake yi, da adadin gurabe, galibi da iyakar shekaru. Ki riƙa sauraron rediyo, ki bar sunanki wurin shugabar ƙungiyar matan unguwa da mai unguwa. Duk wanda ya ce ki tura masa kuɗi ta Nita ko Amana don ya sa sunanki a jeri, ɓarawo ne. Ki je ofis da ƙafarki.

Takardu: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hotuna, da shaidar ajin da kika tsaya idan akwai. Wadda ba a yi wa takardar haihuwa ba sai ta bi ta kotu da shaidu a yi mata madadinta, kuma wannan yana cin lokaci. Ki fara da shi yau, ko ba ki zaɓi sana'a ba tukuna.

8. Maigidana bai yarda ba. Yaya zan yi?

Kada ki fara a ɓoye. Horon da aka fara a ɓoye yana mutuwa ranar da aka gano. Ki nemi sanin ainihin abin da ke damunsa, don "a'a" ɗin namiji ba iri ɗaya ba ce: wani tsoron maganar mutane yake, wani cakuɗuwa da maza, wani girki da yara, wani kuma tsoro yake ki samu kuɗi ki raina shi. Kowanne da amsarsa. Ki gayyace shi ya je ya ga wurin, ya gaisa da malamin, ya san ƙarfe nawa ake tashi. Ki zo masa da tsarin gida a shirye (duba ta 10). Idan abin ya cije, ki sa wanda yake jin nauyinsa: yayansa, liman, ko uwarsa. Uwar miji idan ta tsaya miki, magana ta ƙare, ki fara zuwa wurinta da ladabi ki ce, "Inna, shawara na zo nema."

9. Ni miji ne. Addini ya yarda matata ta yi irin wannan aiki?

Malam, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, amma ga abin da kowa ya sani. Nana Khadija ƴar kasuwa ce mai dukiya. Nana Zainab bint Jahsh, matar Annabi (SAW), tana jima da ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take ciyar da gida. Abin da malamai ke tsayawa a kai shi ne sutura, da kauce wa keɓewa da namiji, da haƙƙin gida, kuma duk ana iya tsara su (duba ta 5 da ta 11). Ka kuma yi wa kanka tambaya: ranar da ka kwanta ciwo, ko ka yi tafiya kuɗi suka yi jinkiri, me za a dafa? Matar da ke gyara firijin maƙwabta ba za ta aika ƴarka talla bakin tasha ba.

10. Ina da goyo, ko ina da ciki. In jira?

Goyo ba ya hana aji, amma yana hana atiliye. Ba a shiga da jariri inda ake walda, ko fenti, ko cajin batir. Abin da muka ga yana aiki shi ne mata uku ko huɗu na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su ba wata dattijuwa ta riƙe musu yara kusa da wurin koyo, mai shayarwa ta leƙa da rana. Abin da muke roƙo kada a yi shi ne a cire babbar ƴa daga makaranta ta yi reno. Dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ta tanadi a bar yarinya a makaranta har shekara 16, kuma ba ma'ana uwa ta koyi sana'a da karatun ƴarta.

Mai ciki ta gaya wa malaminta da ungozoma. Hayaƙin dalma, warin fenti da tina, ɗaukar batir mai nauyi da hawa tsani, duk a ajiye su sai bayan haihuwa. Darasin lissafi da zane ba abin da ya hana.

11. Wace sutura zan sa? Sai na cire hijabi?

Ba sai kin cire ba, sai dai ki sauya irinsa. Dogon hijabi mai yawo haɗari ne kusa da injin da ke juyawa: bel ko fanka na kama bakinsa cikin ƙiftawar ido. Ki sa ƙarami mai kama kai, ki cusa bakinsa cikin rigar aiki mai dogon hannu, da wando mai faɗi, da riga har gwiwa a sama idan kina so. Mai walda ta sa auduga kawai, don yadin roba idan tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne da fata. Kada ki kalli hasken walda ba gilashin fuska ko na daƙiƙa ɗaya. Cikin dare ne idon ke tashi kamar an zuba masa yashi. Mai lantarki ta cire zobe da awarwaro, ta sa takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ta kashe wuta daga tushe, sannan ta gwada da mita kafin ta taɓa, ko da mai gida ya rantse ya kashe.

12. Yaya zan zaɓi mai atiliyen da zan zauna a hannunsa? Idan ya neme ni da lalata fa?

Aji yana ba ki dalili, atiliye ke ba ki hannu, saboda haka zaɓen uban gida ya fi zaɓen makaranta nauyi. Ki je ki zauna yini guda ki gani: yaransa suna taɓa aiki, ko shara da sayo shayi kawai suke yi? Akwai wanda ya yaye ya buɗe nasa? Akwai banɗaki mai ƙofa da wurin salla? Dokar aiki ta 2012 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta, kuma ba a ɗaukar yaro ƙasa da shekara 14. Ki nemi a rubuta tsawon lokaci, da abin da za a koya miki, da lokacin tashi, a gaban mijinki ko waliyyinki. Mu ba mu tura mace ita kaɗai; bibbiyu muke kaiwa.

Idan ya fara maganar banza, ko taɓa jiki, ko "ki tsaya bayan kowa ya tafi", ba laifinki ba ne, kuma ba kuɗin koyo ba ne. Dokar aiki ta hana, dokar hukunta laifuka ma ta tanadi horo a kai. Ki gaya wa abokiyar zamanki da cibiyar da ta tura ki a ranar, ki ajiye saƙonnin da ya turo, a sauya miki wuri. Idan ya wuce magana, ofishin ƴan sanda da sufetocin aiki suna nan. Shirun da mace ke yi don kada a ce ta bar sana'ar shi ke ba irin waɗannan damar yi wa ta bayanta.

13. Takardar shaida tana da amfani, ko iyawa ta isa?

A unguwa iyawa ta isa. A kamfani, ko kwangilar gwamnati, ko aikin ƙungiya, za a nemi takarda. Ki bambance shaidar halarta, wadda kowace cibiya ke iya bugawa, da takardun da gwamnati ta sani irin CQP, CAP da BEP, waɗanda sai an ci jarrabawa. Ki tambaya tun ranar farko wacce za a ba ki.

14. Na gama. Ba ni da kayan aiki, ba ni da jari.

Kada ki yi saurin kama shago. Haya na cin jari kafin ciniki ya zo. Mai lantarki ko famfo jaka ɗaya take buƙata: mita, filaya, sukudireba, abin yanka waya, ma'auni, da lambar waya da mutane suka sani. Ki riƙa saye ɗaya-ɗaya tun kina koyo; a Katako ana samun na hannu masu ƙarko, ki tafi da wanda ya san kaya. Mita kam ki sayi mai kyau, da ita ranki yake.

Jari mafi sauƙi shi ne na adashi da asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, ya bazu ƙasashe da dama: zubi kowane mako, rance ƙarami daga akwatin ƙungiya, a raba a ƙarshen zagaye. Bashin banki ko na ƙananan asusu ki bar shi sai kina da masu kira a kai a kai, don ranar biya ba ta san ciniki bai zo ba. Idan an ba ki kayan aiki kyauta, ki nuna wa maigida da dangi cewa ba na sayarwa ba ne ba kuma na aro ba. Mai neman aikin albashi ta yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi. Wadda aikinta ya kai ta nemi kwangila ta yi rajistar sana'arta a Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ta kuma shiga ƙungiyar masu sana'arta a ƙarƙashin CMANI, majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa. Masu fata da sauran aikin hannu suna da ƙauyen masu sana'a na Wadata da baje kolin sana'o'in hannu na mata, SAFEM.

15. Ni ɗan kasuwa ne, ina son in taimaka. Keken ɗinki nawa zan saya?

Alhaji, Allah Ya saka da alheri, amma ka koma ta 3 da ta 6 tukuna. Da kuɗin keke goma za ka iya riƙe mata biyu ko uku daga ranar farko har yaye: kuɗin mota a farkon kowane mako, ladan mai reno, rigar aiki da takalmi, kuɗin jarrabawa, da jakar kayan aiki a ƙarshe. Ba zai yi kyau a hoto ba, amma su za su gama. Ka biya cibiya da mai atiliye kai tsaye, kuɗin mota kuwa a hannun matar, ba a hannun wani nata ba.

Sannan ka ba su aikin farko. Idan kana da shago, ko gidan haya, ko gini, ka kira su su ja wayar, ka biya su kuɗin da za ka biya namiji, ba ragi don mata ne. In aikin ya yi kyau, ka ba abokanka uku lambarsu.